Tsakanin Kwantagora da Tegina

Ranar da za a yanka motar, Alhaji Tambari bai karya kumallo ba. Tun da hantsi ya sa ɗansa Saifullah ya goya shi a babur daga gidansu na Ƙofar Marke zuwa wani fili da ke bayan garejin makanikai a hanyar Kalambaina, inda tsohuwar motarsa ta yi shekara goma sha tara a kan duwatsu. Mai filin zai gina shaguna, har ya aiko sau uku. Saifullah ya riga ya gama magana da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, abin da ya rage kawai tsohon ya ce to. Ya ce to ɗin, amma da sharaɗin a gabansa za a yi.

Marsandi ce mai gajeren hanci, irin wadda direbobi ke kira roka, da bodin katako. Gara ta cinye rabin katakon, koren fentin ya koma ruwan ƙasa, kajin makanikai kuma sun mai da ƙarƙashin kujerar direba wurin saka ƙwai. Duk da haka da Tambari ya dafa murfin ƙofar, sai ya ji hannunsa ya faɗa daidai inda ya saba faɗawa.

Shekararsa saba'in da shida. Talatin da ɗaya daga ciki a kan sitiyari ya yi su. Ya ɗauki gyaɗa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Gusau, ya kai shanu Ikko, ya dawo da goro daga Shagamu, albasa kuwa ba ya iya tuna yawan lodin da ya sauke a Ibadan. Ya san hanyar tun tana da ƙunci, mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta sauka gefe: Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Tegina, Makwa, sannan gadar Jabba, inda mutum kan kwana biyu a layi idan wata mota ta mutu a tsakiya. A lokacin ba waya a aljihu. In ka fita, iyalinka sai dai su ƙirga kwanaki, in mota ta lalace maka a daji kuwa, ba ka da kowa sai direban da ke tafe a bayanka.

Aka kawo masa benci ya zauna a inuwar dogon yaro. 'Yan gwangwan suka kunna wutar yankan ƙarfe, suka fara da bamba. Shugabansu, wani dogon mutum mai suna Hashim, ya ga yadda tsohon ke kallo bai ko ƙiftawa, sai ya zo ya tsuguna kusa da shi don ya ɗan sa shi magana.

"Baba, wagga mota ta yi aiki. Ƙarfenta ma daban na, ba irin na yanzu ba."

"Ta yi," in ji Tambari.

"Akwai wani tsoho garinmu Dundaye, shi ma direban roka na da. Malam Gazali. Idonai sun tahi, amma in babbar mota ta wuce bisa titi, daga kukan injin shina gaya maka ko wace iri ta. Ba shi kuskure. Ko kun san juna?"

Tambari ya ce, "Shina da rai ashe."

"Shina nan, sai dai jiki ya yi rauni. Bana ko masallacin Juma'a ba shi zuwa."

Hashim ya koma wajen aikinsa. Tambari ya ci gaba da kallon tartsatsin wuta, amma ba ita yake gani ba.

Shi da Gazali tare suka koyi mota a hannun maigida ɗaya, tare suka sami lasin a shekara ɗaya. A tasha in an ga ɗaya sai a tambayi ɗayan. Kwano ɗaya suke ci a rumfar wata Bayarabiya a Makwa, in motar ɗaya ta riga isa gadar Jabba sai ta jira ta ɗan'uwanta. Tambari ne babban abokin ango ranar da Gazali ya auri Sadiyatu.

Abin ya fara lalacewa ne a hankali, shekarar da Gazali ya sayar da gonar gadonsa ta fadama, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayi tasa rokar. Tambari kuwa har lokacin motar wani attajiri yake ja, wannan dai da ake yankawa yanzu, wadda sai bayan shekaru ta zama tasa. Ya yi wa abokinsa murna da baki, har shi ya fara ɗana ta zuwa Wamakko da dawowa. Amma daga ranar, duk lokacin da 'yan kamasho suka ce "mai mota" suna nufin Gazali, sai Tambari ya kau da kai.

Farkon daminar 1984 aka samu babban lodin albasar ajiya zuwa Ibadan. Layin Tambari ne, kowa ya sani. Ya je gida cin abinci ya dawo, ya tarar ana ɗora buhuna a motar Gazali. Sarkin tasha ya ja shi gefe ya ce masa Gazali ne ya roƙa, matarsa ta shiga watan haihuwa, cikin kuma yana ba ta wahala, yana so ya je ya dawo cikin kwana shida kafin ta sauka. Gobe akwai wani lodin, shi za a ba.

Da Gazali ya tambaye shi da bakinsa, da ya bar masa ba tare da wani tunani ba. Wannan Tambari ya sha faɗa wa kansa. Abin da ya ƙona masa rai shi ne an tsallake shi an je wurin manya, kamar shi ba kowa ba ne. Gazali ya sauko daga kan bodi yana share gumi, ya zo zai yi bayani, ya ce ya neme shi bai gan shi ba. Tambari ya ce, a gaban jama'a, "Ai mai mota ba shi neman izinin ɗan aiki." Ya juya ya tafi.

Washegari ya yi nasa lodin ya kama hanya. Kwana ɗaya da wuni, da la'asar sakaliya, ya wuce Kwantagora ana yayyafi. Tsakaninta da Tegina daji ne sosai a lokacin, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga bukka ba. Yana shan wata kwana sai ga ganyaye an jera a kan kwalta, alamar mota ta lalace a gaba. Tun kafin ya ga lambar ya gane ta. An ɗage bonet, Gazali na tsaye a tsakiyar titi ba riga, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, yana ɗaga su duka biyu. Har dariya yake yi, dariyar wanda ya ga ɗan'uwansa.

Ƙafar Tambari ta je kan birki da kanta. Motar ta rage gudu har ya ga ruwan da ke ɗiga daga gemun Gazali. Sai maganar tasha ta dawo masa. Ya ce a ransa bari ya ɗan ɗanɗana, ai wani zai tsaya masa. Ya sauya giya, ya kauce, ya wuce. A madubi ya ga Gazali ya sauke hannuwansa a hankali, yana tsaye inda yake har kwana ta ɓoye shi.

A wancan zamani direba ba ya wuce ɗan'uwansa a daji. Ko gaba kuke yi, za ka tsaya ka tambayi abin da ya samu motar, ka bar masa ruwa da gari, ka ɗauki saƙo. Tambari ya san haka sarai. Tun kafin ya kai Tegina ya so ya juya, amma ya rasa da wace fuska zai koma. Da ya sauke a Ibadan ma, maimakon ya biyo hanyar gida, sai ya karɓi lodin goro zuwa Kano ta Kaduna, don kada ya sake bi ta wurin.

Sai da ya iso Sakkwato bayan mako biyu ya ji sauran labarin. Famfon ruwan injin ne ya fashe wa Gazali. Direbobi da yawa sun tsaya, amma ba mai shi, don shekarar kayan gyara sun yi wuya ƙwarai. An nema a Kwantagora babu, wanda aka kawo daga Kaduna bai hau ba. Kwana tara ya yi a wurin. Ruwa da zafi suka haɗu a ƙarƙashin tamfol, albasar ta ruɓe har sai da aka zubar da ita a rami. Da Gazali ya iso gida, ya tarar kwana huɗu ke nan da binne Sadiyatu. Ta haifi 'ya mace, jini ya ƙi tsayawa, ba a sami motar kai ta asibiti da wuri ba.

Shi kuwa Tambari, a akwatin kayan aikinsa da ke bayan kujera, akwai sabon famfon ruwa a naɗe cikin tsumma. Motocin iri ɗaya ne. Aikin awa biyu ne.

Ya je ta'aziyya cikin ayarin direbobi, ya zauna can baya. Gazali ya ba shi hannu kamar yadda ya ba kowa. Tambari ya yi ta jiran ranar da sarkin tasha zai kira shi a gaban mutane, ko wani ya jefa masa magana a rumfar shayi. Ranar ba ta zo ba. Kafin shekara ta zagayo Gazali ya sayar da motar ya koma Dundaye wurin danginsa. Tsakanin Ƙofar Marke da Dundaye ba wata tafiya ba ce, amma shekara arba'in Tambari bai taka ba. Ko ɗaurin aure aka gayyace shi a can sai ya aika da uzuri.

Ƙarar faɗuwar ƙofar motar ce ta dawo da shi. Sun cire kan, sun fara sassara bodin. Ya miƙe da ƙyar ya kira ɗansa.

"Saifullahi, kai ni Dundaye."

"Yanzu, Baba? Ba kai kac ce sai an gama gabanka ba?"

"Su gama. Tashi mu tahi."

Ba su sha wahalar samun gidan ba, kowa ya san gidan Malam Gazali direba. Gidan ƙasa ne mai zaure, da tsohuwar tayar babbar mota an kafa ta a ƙofa don zama. Wata mata mai kimanin shekara arba'in ta leƙo da hannu duk garin tuwo, ta gaishe su, ta ce Baba na ciki. Saifullah ya tsaya a waje wurin babur.

Gazali na zaune a kan buzu ya jingina da bango. Ya rame, gemun ya yi fari fat, idanun a buɗe amma sun yi fari-fari. Tambari ya yi sallama.

Tsohon ya amsa, ya ɗan karkata kai. "Sake magana in jiya."

"Ni na, Gazali."

"Tambari." Bai ce da mamaki ba. Ya gyara zama ya buga gefen buzun. "Zamna. Rahmatu, kawo ruwa, baƙo na daga birni."

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, iyali da jiki da damina. Suka ƙirga waɗanda suka rasu cikin abokan aikinsu, sai suka ga saura ba su kai biyar ba. Tambari ya ce yau aka yanka rokarsa. Gazali ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Giyarta ta ukku tana da wani kuka, ko cikin mota goma ina gane ta."

Tambari ya sha ruwa ya ajiye kofin. Ya shirya kalmomi iri-iri a hanya, duk suka gudu.

"Gazali, rannan bayan Kwantagora. Na gane ka. Ba wai ban gani ba."

"Na sani. Ai ka rage gudu."

"Kuma ina da famfon. Sabo, cikin akwati."

Gazali ya lalubo carbi ya riƙe, bai ja ba. "Wanga kam ban sani ba," ya ce a hankali. "Na yi zato, don kai ba ka tahiya babu kayan gyara na sifiya. Amma ban sani ba sai yau."

Tambari ya ji kamar ya ƙara wa mutumin wani sabon ciwo ne a banza. Hawaye suka zubo masa, bai share ba tunda ba mai gani. "Na ta jira a kira ni tasha. Ba wanda yat taɓa ce mani komi."

"Sun tambaye ni. Wani direban Gusau ya ce ya ga motarka ta wuce. Sarkin tasha ya zaka har gida ranar addu'ar bakwai, yac ce in gaya mashi gaskiya, su san abin da za su yi da kai. Nac ce ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya, ni kuma ina ƙarƙashin mota, ba ka gane ni ba."

"Don mi?"

"Kana da 'ya'ya ukku ƙanana, motar kuma ba taka ba. In sun kai ƙara wurin maigidanka mi za ka ci? Gida guda ya riga ya mutu, ban ga amfanin a ƙara na biyu ba." Ya ɗan yi murmushi. "Kada ka ɗauka kirki na ya kai haka. Shekara biyar na yi ban iya jin sunanka. In na ji kukan motarka bisa titin ga sai in shige ɗaki."

"Ka yafe mani, don Allah."

"Na yafe tun da daɗewa. Shekarar da Rahmatu tay yi aure na zamna na duba, nag ga kwanan Sadiyatu ya ƙare, ko ina gida ko ba ni gida. Wataƙila da na kai ta asibiti, wataƙila da ba ta kai ba. Allah kaɗai Ya sani. Wanga na bar ma Shi." Ya numfasa. "Abin da ban samu na aje ba guda na. Da ka zo. Ko bayan shekara, ko bayan goma. Da ka zo ka zage ni ma kan maganar layi, in rama, mu shirya. Ba ni da wani aboki bayanka, Tambari. Manoman garin ga mutanen kirki na, amma in na ce musu gadar Jabba ba su san mi nika nuhi ba. Yanzu ka zo, ga shi ko huskarka ba ni gani."

Suka zauna haka har aka kira azahar. Gazali ya yi taimama don ruwa na sa masa ciwon gaɓoɓi, suka yi salla a zauren, a zaune su duka biyu. Bayan nan Rahmatu ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, suka ci a kwano ɗaya. Gazali ya ci loma uku ya janye hannu. Ya tambaya ko har yanzu hawan nan na kusa da Makwa na nan, Tambari ya ce an ce an fasa dutsen an miƙe hanyar. Suka ɗan yi hirar hanya, amma gajiya ta kama mai gidan, kansa ya fara sunkuyawa.

Da Tambari ya fito, Rahmatu ta biyo shi har wurin babur ta durƙusa. Daga yadda idonta ya yi ja ya gane ta ji komai daga bayan ƙofar zaure. Ya tsaya yana jiran abin da za ta ce, ya ƙudurta ko mene ne zai ɗauka.

"Baba, ashe kun san innata."

"Na san ta, ɗiyata."

"Ba ta da hoto ko guda. Shi kuma in na tambaye shi sai shi yi shiru. Yaya take?"

Tambari ya rufe ido ya nemo ta. Ya yi mamakin ƙanƙantar abin da ya rage masa. Ya ce doguwa ce, ba ta kai Rahmatu haske ba, tana da wushirya. Ya ce in za su yi tafiya takan daka yaji ta zuba a gwangwanin madara biyu, ɗaya na mijinta ɗaya nasa, nasa ta rage barkono don ta san cikinsa. Ya ce ba ta iya ɓoye dariya, ko a gaban surukai sai ta kubce mata. Ya so ya ƙara, ya lalubi ƙwaƙwalwarsa, bai sami komai ba.

"Shi ke nan abin da nika tunawa," ya ce.

Rahmatu ta goge ido da bakin mayafi. "Ya hi abin da nika da shi. Na gode, Baba. Allah Shi kai ku lahiya." Ba ta ce ya dawo ba, ba ta kuma ce kada ya dawo ba.

Ya dawo. Ranar Juma'ar da ta biyo ya zo da goro da lemo, wata Juma'ar ma haka. Duka biyun sun yi hirar tsofaffin direbobi da wuraren cin abinci a hanya, Gazali har ya yi dariya sau ɗaya da suka tuna wata saniya da ta ɓalle musu a tsakiyar kasuwar Ogbomosho. Amma akwai wurin da hirar kan kai ta tsaya, sai Tambari ya ce bari ya koma kafin la'asar.

Juma'a ta uku ciwon ƙafa ya hana shi fita. Ranar Talata da safe Hashim mai gwangwan ya kira wayar Saifullah ya ce a gaya wa Baba, Malam Gazali ya cika bayan sallar asuba, za a yi jana'iza ƙarfe goma. Tambari ya sa aka tallafa shi ya hau babur. Sun isa ana daidaita sahu. Wani dattijo da ya ga shekarunsa ya matsa masa wuri a sahun gaba, ya tambaye shi ko shi ɗan'uwan mamacin ne. Tambari ya ce a'a, tare dai suka yi aikin mota, da daɗewa.